Gizon da Muka Bari a Kanti



Muna rubuto muku ne daga birnin Greensboro da ke jihar Karolina ta Arewa a ƙasar Amurka, birnin da ƴan Nijar suke da yawa a cikinsa, inda neman abinci ya ajiye mu shekaru masu dama. Abin da za mu ba ku labarinsa ƙarami ne, har muna jin nauyin kawo shi gaban manya, domin a kan gizo-gizo ne. Sai dai ya hana gidanmu sakat kusan wata guda, kuma ya sa ɗanmu ya yi mana tambayar da ta ɗaure mana baki, shi ya sa muka ga ya dace mu shimfiɗa shi a gabanku yadda ya faru.

Mako guda bayan ƙaramar salla ta shekarar 2023 muka shiga wani kantin sayar da dabbobin gida, domin sayen abincin kifayen da ƴarmu take kiwo a ɗakinta. Wanda bai taɓa ganin irin wannan kanti ba zai yi mamaki. Ana sayar da tsuntsaye da kifaye da ƙadangaru da macizai, kuma ɓeran da muke ɗana wa tarko a gida, a nan da kuɗi ake sayen ɗan'uwansa, har a haɗa masa da ɗan ɗakin kwana. Muna wajen biyan kuɗi muka waiwaya ba mu ga autanmu ba, yaro ɗan shekara 12. Da muka bi sahu sai muka tarar da shi can ƙurya, durƙushe a gaban wani akwatin gilashi da ke kan kanta ta ƙasa, ya manna goshinsa da gilashin.

A cikin akwatin akwai gizo-gizo irin manyan nan masu gashi, wanda faɗinsa ya kusa tafin hannun babban mutum. Turawan Ingilishi suna kiransa tarantula, waɗanda suka yi karatun Faransanci kuwa sun san shi da sunan mygale. Launinsa toka-toka ne da ɗan ja-ja a gadon baya. Ko mu da ba mu san kan irin waɗannan halittu ba, kallo ɗaya muka yi muka gane ba ya cikin hayyacinsa. Tulun cikinsa, wanda a hoton da ke jikin akwatin yake cike fam, ya motse ya yamutse kamar busasshen dabino. A gadon cikin akwai wani wuri da gashi ya zube. Ya takure a kusurwa ƙarƙashin wata fitila mai zafi, gyare huɗu ko biyar suna ta kai-da-kawo a gefensa, ɗaya ma har yana taka ƙafarsa. A tsakiyar akwatin an ajiye ɗan faifan ruwa, babu ko ɗigo a ciki sai wani guntun soso da ya bushe ya yi baƙi. An soke kuɗinsa na farko, dala 40, an rubuta 15 da jan alƙalami. Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta gida ba, wato kimanin jika tara ke nan a lissafin wancan lokaci.

Auta ya ɗago kai ya ce, “Baba, ƙishirwa yake ji.” Sannan ya juya wajen mahaifiyarsa ya ce, “Mama, kuɗin barka da sallata za su isa, har da canji.”

Ba za mu ɓoye muku ba, abin da ya fara zuwa mana ƙyama ce. Mun tashi a inda gizo-gizo rabonsa tsintsiya, inda idan yaro ya wayi gari da ƙuraje a wuya sai a ce tautau ne ya yi masa fitsari. Gizon da muke so shi ne na tatsuniya, mijin Ƙoƙi, mai wayo da ƙi-faɗi, kuma shi ma a bakin kaka muke son sa, ba a ɗakin kwana ba. Shi kuwa Auta a nan aka haife shi. Tatsuniyoyin Gizo ta waya ya ji su daga kakarsa ta Maraɗi, bai taɓa ganin an kashe tautau da takalmi ba, saboda haka abin da idonsa ya gani a cikin akwatin nan halitta ce mai ƙishirwa, shi ke nan. Muka ce masa a bari mu kwana a kan maganar. Ya bi mu zuwa mota bai ce uffan ba, yana ta waiwaye.

Da dare, bayan yara sun shiga, muka zauna, kuma sai ra'ayinmu ya rabu ta inda ba mu zata ba. Mahaifinsa ne ya fara sassautowa. Hujjarsa ita ce mu ne da bakinmu muka karantar da yaron nan hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare. Yau ga shi karo na farko ya ɗauki karatun da gaske, ya ciro kuɗinsa na kansa, in muka ce a'a, me muka koya masa? Cewa jinƙai na cikin littafi ne? Ya ƙara da cewa dala 15 ba ta kai kuɗin man da muke ƙonawa a kwana biyu ba.

Mahaifiyarsa kuwa a gidan ƴan kasuwa ta tashi, tun tana ƙarama take zama a shagon mahaifinta, kuma da idon ƴan kasuwa ta dubi maganar. Ta ce littafin kanti ba ya rubuta niyyar mai saye, abin da yake rubutawa shi ne kaya ya fita, kuɗi sun shigo. Idan muka biya, mai kanti zai ga gizo yana tafiya ko da a wane hali yake, gurbin da ya bari kuma kafin mako ya zagayo za a cike shi da wani, a ajiye shi ƙarƙashin fitilar nan da busasshen soson nan. Ta ce mun fanshi ɗaya ke nan da kuɗin da za a kamo na biyu. Ta ƙara da abin da ya fi damunta: wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, in abin nan ya mutu a hannun yaron bayan kwana uku, kansa zai ɗora wa laifin, mu kuma mun san haka za ta iya faruwa tun kafin mu biya.

Muka yi ta jan maganar har dare ya raba, sai muka lura da wani abu: dukanmu biyu muna gardama ne a kan dabbar da ba mu san komai game da ita ba. Ko rashin lafiyar da muke magana a kai, da idon mai kiwon tumaki muka auna ta.

Ranar Litinin Auta ya kai wa malaminsa na kimiyya hoton da ya ɗauka da wayar yayarsa. Ashe malamin ya shekara goma sha yana kiwon irin waɗannan gizagizai a gidansa. Ya yi mana karamci, ya ce mu same shi bayan an tashi, kuma abin da muka ji a wannan zama na rabin sa'a shi ne ya sa muka ga ya kamata mu rubuto, domin wataƙila wani gidan ma zai tsinci kansa a irin wannan hali.

Ya ce wannan nau'in sunansa Grammostola rosea, asalinsa daga busassun yankunan ƙasar Chile a Kudancin Amurka, kuma ɗaya ne daga cikin nau'o'i sama da dubu na wannan dangi. Abu na farko da ya gargaɗe mu a kai shi ne mafi yawan abin da baƙo yake ɗauka ciwo ne a jikin tarantula ba ciwo ba ne. Wurin da gashi ya zube a cikinsa, shi da kansa ya kakkaɓe shi da ƙafafun baya. Irin na nahiyar Amurka suna da wani gashi mai kama da ƙaiƙayin gero, wanda suke watsa wa duk abin da ya tsorata su, kuma idan ya shiga idon mutum sai an dangana da likita. Sanƙon nan yana nuna an dame shi da yawa, amma gashin zai dawo idan ya yi saɓa. Haka ma ƙafar da ta gutsure, takan sake tsirowa a hankali daga saɓa zuwa saɓa. Ƙin cin abinci ma ba hujja ba ce, domin wannan nau'in ya shahara da yin watanni bai ci komai ba, lafiyarsa lau.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne maganar kwanciya. Ya ce idan ka ga tarantula ya yi rigingine, ƙafafu a sama kamar matacce, to kada ka kuskura ka taɓa shi, saɓa yake shirin yi, wato zai fita daga tsohuwar fatarsa kamar yadda maciji yake yi. Mutane da yawa sun jefar da lafiyayyen gizo a kwandon shara saboda wannan, wasu kuma sun kashe shi garin juya shi don su taimake shi. A wannan lokaci jikinsa yakan yi laushi har fiƙoƙinsa, sai ya yi kwanaki kafin ya ƙanƙare, kuma gyaren da aka zuba masa don ya ci yana iya komawa ya ci shi. Shi ya sa mai sani ba ya barin gyare ya kwana biyu a cikin akwati.

Alamar mutuwa kuwa akasin haka take. Gizon da yake gargara yana zaune ne a kan cikinsa, ƙafafunsa sun lanƙwashe sun shige ƙarƙashinsa kamar hannun da aka dunƙule. Malamin ya bayyana mana dalili, kuma mun daɗe muna jinjina hikimar da ke ciki. Gizo yana da tsokar da yake lanƙwasa ƙafa da ita, amma a manyan gaɓoɓi biyu na kowace ƙafa ba shi da tsokar miƙewa. Da ƙarfin jininsa yake miƙe su, yana tura shi cikin ƙafar kamar yadda ruwa yake miƙar da tiyo idan an buɗe famfo. Idan ruwan jikinsa ya ƙare, ƙarfin turawar ya tafi, sai ƙafafun su naɗe da kansu. Saboda haka ƙishirwa a wurinsa gurguntaka ce kafin ta zama mutuwa: yana iya ganin ruwa a gabansa ya kasa isa gare shi. Soson da ake sa masa kuwa tsohuwar al'ada ce marar amfani, domin da bakinsa yake sha daga fuskar ruwa, soso sai tara ƙazanta. Fitilar ma cutar da shi take yi, tana ƙara busar da shi, alhali ɗumin ɗakin da mutum yake zaune a ciki ya ishe shi.

Ya sake duban hoton ya ce yamutsewar cikin nan ita ce abin tsoro, amma ƙafafun ba su gama naɗewa ba. Ya ba mu abu biyu mu je mu duba da idonmu. Na farko, bakinsa: idan akwai wani farin abu mai danƙo a kewaye da shi, to wasu ƙananan tsutsotsi ne da kan kama su, waɗanda da wuya a tsira daga gare su, kuma kada mu kawo shi gida ko kyauta aka ba mu. Na biyu, ƙafafun gaba: idan akwai ƴan ƙugiyoyi a ƙarƙashinsu, ƴan gajerun hannuwansa na kusa da baki kuma sun kumbura a ƙarshe, to namiji ne da ya balaga. Namiji idan ya kai wannan mataki ya yi saɓarsa ta ƙarshe, ramewa ɗabi'arsa ce, abin da ya rage masa shekara ɗaya ce ko biyu, kuma babu kulawar da za ta ƙara masa. Kantuna sukan sayar da irinsa ga wanda bai sani ba. Mace kuwa tana iya kai shekara 15 zuwa 20.

Nan mahaifiyarsa ta yi lissafi da ƙarfi, yadda ta saba. Ta ce wato in ta rayu, Auta zai yi aure ya bar mana ita.

Ranar Laraba muka koma kantin mu uku. Bakin gizon tsaf yake, babu farin abu. Ƙugiya ma babu. A girmansa kuwa, in ji malamin, rashin ƙugiya ya fi karkata ga mace. Auta ya yi murmushi karo na farko tun ranar Asabar, ya ce, “Ashe ba Gizo ba ne, Ƙoƙi ce.” Daga ranar da wannan suna muke kiranta, ko da yake mun so a ce bai raɗa mata suna ba.

Muka nemi wanda yake kula da wannan sashe. Wata yarinya ce da ba ta wuce shekara 19 ba, mai fara'a, kuma ta gaya mana gaskiya cewa tsoron abin take ji, ba ta taɓa buɗe akwatin ba sai don ta watsa gyare ta rufe da sauri. Babu wanda ya taɓa nuna mata yadda ake yi. Ba mu ga laifinta ba. Auta ya yi mata bayanin abin da ya koya, cikin ladabi, mu kuma muna tsaye a bayansa. Ta yarda ta kashe fitilar, ta kwashe gyaren da dogon matsefi, ta jefar da soson, ta wanke faifan ta cika shi da ruwa. Auta ya roƙe ta ta tura shi dab da bakin Ƙoƙi. Muka tsaya muna kallo. An ɗauki lokaci babu abin da ya motsa, har mun fara shirin tafiya, sai ta ja jiki kaɗan, ta kifa gabanta a kan ruwan, ta tsaya haka. Mun fi minti ashirin a wurin ba ta ɗago ba. Mahaifiyarsa, wadda ta shigo tana riƙe da gefen mayafinta don kada ya taɓa gilashin, ita ce ta ƙarshe da ta bar wurin.

Kafin mu fita mun nemi ganin shugaban kantin. Muka ce masa dabbar nan ba ta cikin halin da za a sayar da ita, ya ba mu ita kyauta mu kai wa wanda ya san kanta, ko kuma ya ba malamin kai tsaye. Wannan ita ce hanyar da ta haɗa ra'ayinmu biyu: a ceci Ƙoƙi ba tare da an biya ladan sakaci ba. Ya saurare mu da kyau, sannan ya ce ba shi da ikon fitar da kaya ba tare da an biya ba, abin da zai iya shi ne ya rage zuwa dala 10. Muka ce za mu yi shawara.

A mota Auta ya tambaya ko babu hukumar da za a kai ƙara. Mun bincika daga baya. Babbar dokar kare dabbobi ta tarayyar Amurka, wadda aka kafa a 1966, ta tsaya ne a kan wasu dabbobi masu ɗumin jini, gizo-gizo da ire-irensa ba su cikin lissafinta. A Faransa kuwa, kamar yadda ƴan'uwa mazauna can za su shaida, tun 1997 aka sa mygale cikin jerin dabbobi masu haɗari, ba a ajiye ta sai da takardar shaidar ƙwarewa da izinin hukuma. Ko da yake an yi wannan doka ne domin kare mutane, ta hana a miƙa irin wannan halitta ga duk wanda ya zo wucewa da ƴan canji a aljihu. A nan inda muke, yaro ɗan shekara 12 da iyayensa su ne hukumar.

Daren nan mahaifinsa ne ya kawo hujjar da ta rushe nasa ra'ayin. Ya tuna karatun zaure da ya yi a Damagaram, lokacin da suka kai babin ciniki a Muhtasar na Shehu Halilu. A cikin sharuɗɗan abin da ake sayarwa akwai cewa ya kasance mai amfani, kuma misalin da aka kawo na abin da ya rasa wannan sharaɗi shi ne dabbar da ba a cin namanta idan ta kai gaɓar mutuwa. Ya ce shekara talatin yana ɗauke da wannan mas'ala a ka bai taɓa zaton zai gamu da ita a kantin Amurka ba. Abin da ya fahimta a daren shi ne malamai sun ƙi a mayar da halitta mai gargara haja, kuma haƙƙin ci da sha yana kan wanda ya tsare ta, ba ya sauka daga wuyansa don ya rage kuɗi. Mu abin da yake kanmu shi ne abin da hannunmu da bakinmu za su iya, kuma mun sa an ba ta ruwa.

Akwai kuma abin da malamin ya faɗa wanda ya tsaya mana a rai. Wannan nau'in yana da jinkirin girma ƙwarai, sai ya yi shekaru kafin ya kai tafin hannu, saboda haka babba da ake sayarwa da araha galibi daga daji aka haƙo shi, domin mai kiwo daga ƙwai ba zai iya sayarwa a wannan kuɗi ba. Irin wannan kamu ne ya sa yarjejeniyar CITES, mai sa ido a kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta sa wasu tarantula na ƙasar Meziko cikin jerinta tun 1985, ta ƙara da wasu na Indiya da Siri Lanka a 2019. Wato sarƙar da kuɗinmu za su bi ba a kantin ta tsaya ba, ta kai har wani rami a wata ƙasa da ba mu taɓa gani ba.

Da safe muka zaunar da Auta muka gaya masa ba za mu saya ba. Mun ba shi dalilanmu ɗaya bayan ɗaya, ba mu ce masa don mun ce ba. Muka yi masa alkawarin duk bayan kwana biyu za mu kai shi ya duba ruwanta. Bai yi gardama ba, domin ba halinsa ba ne. Cewa ya yi, “To, Baba.” Amma ya ɗauki ambulan ɗin kuɗin sallarsa daga kan tebur ya mayar ƙarƙashin matashinsa, kuma ranar bai ci abincin dare ba.

Mun cika alkawari. Juma'a mun je, ruwa yana nan, cikinta ma kamar ya ɗan taso, ko kuma idonmu ne yake so ya ga haka. Lahadi mun je, yarinyar ba ta aiki, faifan ya kusa bushewa, muka sa wani ya cika. Ranar Talata muka tarar da akwatin wayam, an wanke shi an juya takardar kuɗin. Yarinyar ta hango mu ta taho da kanta. Ta ce da safiyar Litinin ta same ta a kusurwa, ƙafafu a naɗe. Ta ce ta tuna abin da Auta ya gaya mata, ta duba ko rigingine ta yi, ta bar ta har yamma don ta tabbata.

Malamin ya ce mai yiwuwa ko a hannunsa ma da haka za ta ƙare, domin wanda ya kai wannan hali sau da yawa ba ya dawowa. Ya kuma ce, da yake mutum ne mai gaskiya, ya taɓa ganin waɗanda suka fi ta lalacewa sun farfaɗo a wuri mai duhu da shiru. Auta ya ji duka biyun.

Kakarsa ta kira a ƙarshen makon, muka ba ta labari. Ta yi dariya har da tari, ta ce a ba ta shi. Muna jin muryarta tana cewa, “Maigidana, ashe kishiya ka so yi mini, kuma ka rasa wadda za ka ɗauko sai Ƙoƙi?” Ya yi dariya shi ma. Sannan ta sassauta murya ta yi masa wata magana da ba mu ji ba, shi kuma bai gaya mana ba.

Mako biyu bayan haka abincin kifi ya sake ƙarewa. Mun so mu sauya kanti, Auta ya ce a'a, can za mu. Muna shiga ya wuce kai tsaye ƙurya. A cikin akwatin nan dai, a kan kantar nan dai, akwai wata sabuwar tarantula, cikinta fam, gashinta cif, an rubuta dala 40.

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya juyo. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Mama, kun ce in mun saya za su kawo wata. Ba mu saya ba, kuma sun kawo wata. To da mun saya, ai da Ƙoƙi ce kawai za ta bambanta.”

Mahaifiyarsa ta buɗe baki za ta yi masa bayanin cewa kanti ba ya sauya hali saboda mutum ɗaya, sai masu ƙin saye sun yi yawa, kuma gaskiya ce, har yau a kanta muke. Amma ta dubi fuskarsa ta fasa. Lissafin da muka yi na gizagizai ne masu yawa waɗanda ba mu gani ba, shi kuwa a kan guda ɗaya yake magana, wadda ya ga ta sha ruwa. Ta ce masa, “Haka ne, Auta. Wataƙila mun yi kuskure a kanta.” Mahaifinsa bai ƙara komai ba.

Muka durƙusa mu uku muna duba akwatin. Fitilar a kashe take, an ma zare wayarta. Babu gyare ko ɗaya. Faifan cike yake da ruwa, babu soso, kuma a jikin gilashin ta gefe an manna wata ƴar takarda da rubutun hannu, mai tuna wa ma'aikata su duba ruwa kowace safiya, kada kuma su taɓa ta idan sun ga ta yi rigingine. Auta ya karanta takardar sau biyu. Ya tambayi yarinyar ko ita ta rubuta, ta ce ita ce.

Kuɗin sallar suna nan a cikin ambulan ɗinsu har ya shiga shekara 13. Malamin ya yi masa tayin ɗan ƙaramin gizo daga waɗanda aka ƙyanƙyashe a gidansa, kyauta, mu ma mun ce mun yarda in yana so. Ya yi godiya ya ce a bari tukuna. Har yanzu idan za a sayo abincin kifi shi yake cewa zai raka, kuma kafin mu kai wajen biya ya riga ya zagaya ƙurya ya dawo.